Malamin da Ke Bayan Kyamara

A farkon shekarar 2010 wani matashi Ba'amurke mai suna Brandon Stanton ya sayi kyamarar Canon. A lokacin cinikin takardun lamuni yake yi a birnin Chicago, karatunsa na jami'a kuma tarihi ne, babu abin da ya haɗa shi da makarantar hoto. Ranakun Asabar da Lahadi yake rataya kyamarar a wuya ya shiga gari, duk abin da idonsa ya faɗa kai ya ɗauka. Ana cikin haka aikin nasa ya suɓuce. Maimakon ya shiga neman wani, sai ya tattara nasa ya nasa ya koma New York da wani buri wanda duk mai ji sai ya riƙe baki: zai ɗauki hoton mutum 10,000 a titunan birnin, ya jera su bisa taswira, kowa a unguwar da aka same shi.

Wanda ya koma ya duba hotunansa na farko-farkon nan ba zai ga wani abin a zo a gani ba. Irin na kowane sabon shiga ne. Abin da ya raba shi da sauran shi ne kullum yana bakin titi da kyamararsa. A watan Oktoban 2013 littafinsa mai suna Humans of New York ya fito, ya kuma hau saman jerin littattafan da suka fi kasuwa na jaridar New York Times.

Da a zamanin fim Stanton ya yi wannan yunƙuri, da kuɗin fim da na wanki kaɗai sun durƙusar da shi cikin 'yan watanni, tunda ba shi da albashi. Matasan yanzu ba su riski wancan zamani ba, amma iyayensu sun san shi. Fim guda hoto 24 ne ko 36. Mai hoto ya gama biki ya kai ɗakin wanki, a jira kwana biyu ko mako, sannan a tarar amarya ta rufe ido a wanda ya fi kyau, ko rabin fim ɗin ya ƙone. Kuskuren da aka yi ranar Asabar ba a ganinsa sai Laraba, lokacin mutum ya manta yadda ya saita kyamarar. Shi ya sa mai son sana'ar yakan zauna a gaban mai sutudiyo shekara da shekaru, yana shara, yana ɗaukar jaka, kafin a yarda ya danna ko sau ɗaya.

Kyamarar dijital ce ta rushe wannan katanga, kuma ba dare ɗaya ba. Injiniya Steven Sasson na kamfanin Kodak ya haɗa ta farko a 1975. Nauyinta kilo uku da rabi da ɗoriya, hotonta baƙi da fari ne, kuma sai ta ci daƙiƙa 23 kafin ta adana hoto guda a kaset. A 1999 Nikon ya fitar da D1, wadda 'yan jarida suka runguma duk da megafiksel 2.7 kacal gare ta. A 2003 Canon ya fito da 300D a ƙasa da dala 1,000, nan ne mai ƙaramin ƙarfi ya fara jin zai iya taɓa irin wadda ake sauya wa gilashi. Shekarar da Stanton ya sayi tasa, kamfanonin Japan sun fitar da kyamarori kimanin miliyan 121. Wayar hannu ta zo ta cinye kasuwar, har zuwa 2020 adadin bai kai miliyan 10 ba. Ga matashin Kano ko Maraɗi, wannan faɗuwa gaba ta kai shi: tsofaffin kyamarorin da mutanen wasu ƙasashe suka jingine su ne ke isowa a matsayin na hannu, kuma yawancinsu da sauran ƙarfinsu.

Babban abin da dijital ta ba mai koya wa kansa shi ne ɗan allon nan na bayan kyamara. Ya danna, ya duba, ya ga kuskurensa tun ƙafarsa ba ta bar wurin ba, ya gyara, ya sake. Bayan haka kowane hoto yana ɗauke da bayanin yadda aka ɗauke shi, abin da ake kira EXIF: saurin ɗauka, faɗin ƙofar haske, ƙarfin ISO, rana da sa'a. Malami ne da ba ya gajiya da tambaya, ba ya kuma karɓar kuɗin Laraba. Abin takaici, da yawan matasa ba su taɓa buɗe wannan bayani ba. Sun bar kyamara a kan koren alamar nan da ke sa ta yanke wa kanta shawara, in hoto ya yi kyau su ce sa'a, in ya lalace su ce kyamarar ce ta tsufa.

Alhali abubuwa uku ne kawai ke juya al'amarin, kuma a filin hawan Sallah mutum zai iya koyonsu a yini guda. Idan mahaya suka sako dawakai a guje don jahi, wanda ya bar saurin ɗaukarsa a 1/60 na daƙiƙa ba zai samu komai ba sai dishi-dishin launi. Ya kai shi 1/1000, sai dokin ya tsaya cak a iska, ƙasar da kofato ya tono tana rataye, jelar rawani a miƙe. Ƙofar haske kuma lambarta a juye take, ƙaramar lamba ita ce babbar ƙofa. A f/1.8 fuskar dogari za ta fito tangaram, taron da ke bayansa ya narke. Amma a jera 'yan uwa sahu uku a ɗauke su da wannan lamba, na gaba ne kaɗai za su fito, na baya su dushe, irin wannan sai f/8. Shi kuwa ISO, da rana 100 ya wadatar, da dare a ɗakin taron biki sai an ɗaga shi 1600 ko 3200, sai dai gwargwadon ɗagawar gwargwadon yadda hoton ke yin tsaki-tsaki. Duk wanda aka taɓa cikin ukun nan, sai an rama a ɗaya daga sauran biyun. Mai koyo ya ɗauki abu guda sau goma yana sauya lamba ɗaya tak, da dare ya zauna ya gwama su. Mako biyu na irin wannan zama ya fi masa kallon bidiyon koyarwa hamsin.

Akwai jarrabawar da kowane mai hoto a ƙasar Hausa sai ya zauna mata, wato baƙin mutum cikin farar babbar riga da tsakar rana. Ango ne ya fito daga ɗaurin aure bayan Azahar, shaddarsa fara fat ta sha bugu tana ɗaukar ido, hularsa ta yi wa goshinsa inuwa. Ma'aunin hasken da ke cikin kyamara an gina shi ne ya mayar da duk abin da ya gani tsaka-tsaki, kamar ruwan toka. Da ya ga farin nan ya cika fili sai ya ɗauka haske ya yi yawa, ya rage. Rigar ta koma toka-toka, fuskar ango kuwa ta nutse, ba a ganin komai sai haƙora. Sabon shiga sai ya ƙara haske don ceto fuska, nan kuma rigar ta ƙone, aikin wuyan da maɗinki ya yi makonni a kansa ya ɓace, ya zama farin fili. Akwai wani zane mai kama da tudu da kyamara ke nunawa a allonta, idan tudun ya je ya jingina da bangon dama, to farin ya riga ya tafi, babu manhajar da za ta dawo da shi.

Maganin ba a cikin kyamara yake ba. A ja ango taku biyar zuwa inuwar darbejiya ko bakin zaure, inda haske ke zuwa a kwance daga gefe. A sa wani yaro ya riƙe farin yadi ko farin kwali daga ƙasa, ya mayar da haske kan fuska. Shi ke nan fata ta fito da sheƙinta, zaren aikin riga ya fito ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya gane wannan ya fara zama mai hoto, ko da waya yake ɗauka.

A nan ya kamata matashi ya san wani ɗan tarihi, don kada ya zaci laifin fatarsa ne. Daga shekarun 1950 ɗakunan wankin hoto sun riƙa daidaita launi ne da wani kati na Kodak mai hoton Baturiya, wanda ake kira katin Shirley. Binciken Lorna Roth, wata malamar jami'a a Kanada, ya nuna cewa cikin abubuwan da suka sa aka inganta yadda fim ke fitar da launin ƙasa-ƙasa har da koken masu tallan kayan katako da na cakulan, waɗanda kayansu ba sa fitowa daidai a hoto. Sai a shekarun 1990 aka yi katin da ya haɗa mata masu launin fata daban-daban. Kamfanin Transsion na ƙasar Sin, mai wayoyin Tecno da Infinix da itel, ya gane wannan giɓi, ya saita kyamarorin wayoyinsa don baƙar fata, kuma hakan na cikin abin da ya ba shi kasuwar Afirka. Na'ura tana zuwa da zaton waɗanda suka ƙera ta, aikin mai riƙe da ita ne ya san inda zaton bai dace da mutanensa ba.

Sauƙin dijital yana da nasa tarkon. Na farko shi ne ciwon kayan aiki. Matashi ya yi wata shida bai ɗauki hoto ba, wai yana tara kuɗin sabuwar kyamara mai megafiksel 45. Hoton da ake wankewa a sa a albam, mai inci 4 da 6, megafiksel biyu da 'yan kai ya ishe shi, wanda ake ɗorawa a Instagram ma bai wuce nan ba. Tsohuwar kyamara mai 12 ko 18 za ta yi aikin biki da suna da na jarida ba tare da kowa ya gane ba. In kuɗi ya samu, ƙaramin gilashi mai milimita 50 da f/1.8, wanda yana cikin mafi araha a Canon da Nikon, zai sauya hoton mutum fiye da sabon jikin kyamara.

Tarko na biyu ya fi wuyar gani. Tunda dannawa kyauta ce, sai mutum ya daina dubawa kafin ya danna. Ya dawo daga biki da hoto 1,500, yana fatan a dace da ashirin.

Ga mai wannan hali, babu labarin da ya kai na Seydou Keïta amfani. An haife shi a Bamako wajen 1921, ɗan kafinta ne, shi ma ya fara da kafintanci. A 1935 wani kawunsa ya dawo daga Senegal ya ba shi ƙaramar Kodak Brownie. Da kansa ya yi ta gwaji, yana kuma tambayar masu hoton garin abin da ya shige masa duhu, domin koya wa kai ba ya nufin ƙin tambaya. A 1948 ya buɗe wurin ɗaukar hoto a unguwar Bamako-Coura. A tsakar gida yake aiki da hasken rana, labulen baya na farko shimfiɗar gadonsa ce. Ya tanadi rediyo da agogo da alƙalami da tabarau da babur ɗin Vespa don mai son ya fito da su. Saboda tsadar fim, sau ɗaya yake danna wa mutum. Don haka duk aikin kafin dannawa ake yinsa: ya gyara zaman ɗankwali, ya karkata kafaɗa, ya shimfiɗa yatsu a kan cinya yadda zobe zai fito, ya jira fuska ta saki. Wanda ya kalli hotunan nan yau zai ga mutane a cikin mutuncinsu, kamar kowannensu ya san jikokinsa za su gani. Matashi mai katin memori na gigabait 64 zai amfana in wata rana ya ɗaure kansa, ya fita da niyyar hoto 24 kacal, ba gogewa.

Shi ma Stanton ba a wajen saita kyamara ya sami bakin zaren ba. Da tafiya ta yi tafiya ya fara tsayawa yana hira da waɗanda yake ɗauka, yana rubuta jimla ɗaya ko biyu daga bakinsu a ƙasan hoton. Daga nan jama'a suka yi caa a kan shafinsa, taswirar ma aka bar maganarta. A watan Janairun 2015 ya tambayi wani yaro a unguwar Brownsville ta Brooklyn wanda ya fi yin tasiri a rayuwarsa, yaron ya ce shugabar makarantarsu. Stanton ya bi sawu har makarantar, aka buɗe gidauniya, aka tara sama da dala miliyan ɗaya, Shugaba Obama kuma ya gayyace su fadarsa. Hoton kansa yaro ne tsaye a titi cikin rigar sanyi. Tambayar ce ta yi aikin, da haƙurin tsayawa a saurari amsa.

Ba sai an je Amurka ba kafin a ga irin wannan. Fati Abubakar 'yar Maiduguri ce, aikin jinya ta karanta a Jami'ar Maiduguri, ta yi digiri na biyu kan lafiyar al'umma a Landan. Ta lura cewa tun da rikicin Boko Haram ya ɓarke a 2009, duniya ba ta ganin komai daga garinsu sai gawa da ƙonannun gidaje. A 2015 ta buɗe shafin Bits of Borno a Instagram, ta shiga gari da kyamara tana ɗaukar 'yan kasuwa da yara 'yan makaranta da masu sana'ar hannu da masu kwalliya, tana haɗawa da ɗan labarin kowa. Ba ta ɓoye raɗaɗin da ake ciki ba, amma ta nuna cewa ana saye da sayarwa, ana biki, ana dariya. Manyan kafofi irin su New York Times da BBC da CNN suka ɗauki labarinta. Baƙon ɗan jarida zai iya sauka Maiduguri da kayan aikin da suka ninka nata tsada, ya yi kwana uku ya tafi. Abin da ba zai zo da shi a jaka ba shi ne yaren mutanen, da sanin yadda ake gaishe da dattijo kafin a roƙe shi wani abu, da damar komawa wuri guda sau goma.

Kowane matashi yana da irin wannan dama a ƙofar gidansu. Marina da ke Ƙofar Mata a Kano, maƙeran unguwa, masu jima, masuntan bakin kogi, kakar da ke kaɗi da mazari, duk abubuwa ne da wasunsu ke ƙarewa a idon mutane ba tare da an adana kamanninsu ba. Wanda ya zaɓi guda ya lazimce shi shekara ɗaya zai fi wanda ke yawo da kyamara ko'ina ba alƙibla.

Sai dai kusanci amana ne, kuma nan ne wasu matasa ke ba da kunya. Ba a ɗaga wa mutum kyamara sai an yi sallama an nemi izini. Wanda ya ce a'a, a yi masa godiya a wuce. Matar aure, da yarinya, da marar lafiya a gadon asibiti, da ɗan gudun hijira a layin abinci, da almajiri da ƙoƙonsa, kowannensu yana da mutuncin da ya fi yabon da za a samu a Facebook. Yaro ba ya ba da izinin kansa, sai an nemi babba. A gaya wa mutum inda hoton zai je, domin yarda a ɗauka daban, yarda a watsa wa duniya daban. Bayan an ɗauka a juya allon a nuna masa, abin da Keïta bai taɓa samun damar yi ba. In da hali a wanke guda a kai masa, wannan ɗan abu yana buɗe ƙofofin da kuɗi ba ya buɗewa. Wuraren jami'an tsaro da shingayen bincike kuwa, a mayar da kyamara jaka tun kafin a isa.

Kula da kayan ba shi da yawa. Babban abokin gabar kyamara a nan ƙurar hunturu ce. Kada a sauya gilashi a fili ana iska, in ya zama dole a kashe kyamarar a kifa bakinta ƙasa. Mai son sanin ko ƙura ta shiga ya ɗauki sararin sama a f/16, zai ga ɗige-ɗige in akwai, kuma da ɗan famfon iska na roba ake hurewa, ba da baki ko bakin riga ba. Mai sayen ta hannu ya nemi sanin sau nawa aka danna ta, domin ƙananan kyamarori da yawa an gina su ne don wajen dannawa 100,000. Batir biyu dole ne a inda wuta ba ta da tabbas. Katin memori na jabu ya yi yawa a kasuwa, a rubuce 64 a ciki 8, sai an gama ɗaukar biki ya ƙi buɗewa, don haka a cika sabon kati a gida a gwada shi kafin a kai shi aikin mutane.

Saura maganar adanawa, wadda ita ce aka fi sakaci da ita. Keïta ya bar sutudiyonsa a farkon shekarun 1960 lokacin da ya zama mai ɗaukar hoton gwamnatin Mali, ya yi ritaya a 1977, amma dubban nagatif ɗinsa yana ajiye da su lafiya lau. A 1991 aka nuna wasu hotunansa a wani baje koli a New York, a ƙasansu an rubuta cewa ba a san wanda ya ɗauka ba. Wani mutum mai suna André Magnin ya taso daga Faransa har Bamako da kwafinsu yana cigiya, Malick Sidibé, wani shahararren mai hoton garin, yana gani ya ce aikin Keïta ne. Aka same shi, aka tarar da taskar. A 1994 aka yi masa baje kolinsa shi kaɗai a Faris, inda ya rasu a 2001, a 2016 kuma babban zauren Grand Palais ya cika da hotunansa. Da gara ta ci nagatif ɗin nan, da Magnin ya tarar da tsoho da labari kawai.

Hoton dijital ya fi nagatif saurin salwanta. Waya ta faɗa rijiya, kwamfuta ta ƙone, an sace jaka, aikin shekara biyar ya tafi. Kowane hoto mai muhimmanci ya zauna a wuri biyu aƙalla, ɗaya ba a gidan da ɗayan yake ba, ko a ma'ajiyar intanet. Kowace jaka a sa mata shekara da wata da rana da sunan wuri, domin bayan shekara goma ba wanda zai tuna. Wanda kyamararsa ke ɗaukar RAW ya riƙa ajiye shi, shi ne nagatif ɗin wannan zamani. Hoton da aka tura ta WhatsApp a matsayin hoto an matse shi ya rage inganci, sai an tura shi a matsayin fayil yake isa yadda yake. A cikin saitin yawancin kyamarorin Canon da Nikon akwai gurbin da mai ita zai rubuta sunansa, aikin minti biyar ne, daga nan duk hoton da ya ɗauka da sunan a cikinsa zai fita. Shafukan sada zumunta sukan goge wannan bayani idan an ɗora, saboda haka na asalin ya zauna a hannun mai shi, kwafi ne ke fita waje.